Kat-kat ta alfarma da hanyoyin Safo: mota ta warware matsalar mai kuɗi, ta bar ta talaka

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Maraɗi ta yi kudu zuwa Safo da Madarunfa a ranar ɗaurin auren gidan wani babba, ya san su: manyan motocin nan masu baƙin gilashi, V8 da Prado da Lexus, suna wuce amalanken shanu da 'yan kabu-kabu, suna barin su cikin ƙura. Mai kallo na ɗaukar su alamar arziki kawai. Amma suna kuma bayyana halin da hanyoyin yankin ke ciki, da wanda ya iya tsere wa wannan hali, da wanda bai iya ba.

Asalin waɗannan motoci ba na ƙawa ba ne. Kamfanin Toyota na Japan ya ƙera kakarsu a 1951 da nufin aikin soja, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin 70, wanda ya fito a 1984, shi ne har gobe ke jigilar jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya a Sahel. A 1987 sojojin Chadi sun yi amfani da irin waɗannan motoci suka fatattaki tankokin Libiya, har aka kira faɗan "yaƙin Toyota". Daga baya kamfanonin suka gano cewa attajirai na son ƙarfin motar daji amma ba sa son wahalarta. Sai aka sa mata kujerun fata da na'urar sanyaya ɗaki da allon talabijin. Haka Mercedes ta yi da G-Class ɗinta ta 1979, wadda ta tashi daga motar aiki ta koma motar masu hannu da shuni.

A jahar Maraɗi akwai dalilai uku da ke sa ɗan kasuwa ya saka miliyoyin sefa a mota guda. Na farko hanya ce. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta nufi Ɗan Isa da iyakar Jibiya, sai rairayi da rani, laka da damina, musamman a bakin Gulbin Maraɗi. Na biyu martaba ce. Alhazan Maraɗi, waɗanda suka tashi da cinikin gyaɗa kafin su koma fiton kaya zuwa Najeriya, sun san cewa a kasuwancin da ke tafiya da bashi da amana, motar da mutum ya sauko daga ciki na cikin shaidar da ake duba masa. Na uku ajiya ce. Land Cruiser ba ta saurin faɗuwa a farashi, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 masu neman motar da ke jure hamada suka ƙaru.

Sai dai riƙon ta ya yi tsada. Yawancin motocin da ake shigowa da su ƙasar a da ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke biyowa, su ƙetara gadar Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi ga mota da kayan gyaranta. Ga kuma mai. Cire tallafin fetur da Najeriya ta yi a Mayun 2023 ya kawo ƙarshen arahar man bakin hanya da Maraɗi ta daɗe tana mora. A farashin sefa 499 kowace lita da gwamnati ta ƙayyade a 2024, cika babban tankin V8 mai lita 93 ya haura jika 46. Mafi ƙarancin albashin wata a Nijar jika 42 ne.

Akwai wani farashin da ba na kuɗi ba. Gundumar Madarunfa ta yi iyaka da jahar Katsina, kuma dajin Baban Rafi ya daɗe yana zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A irin wannan wuri, motar da ke nuna arzikin mai ita a kasuwa tana nuna shi kuma ga masu leƙen asirin 'yan bindiga. Su kansu masu ƙera motar sun san tana jan ido. Lokacin da samfurin 300 ya fito a 2021, dilolin Toyota a Japan sun sa masu saye alkawarin ba za su yi saurin sayar da ita ba, don gudun kada ta faɗa hannun masu ɗauke da makamai.

Babban abin dubawa shi ne tasirin wannan mota a kan gyaran hanya. Idan hanya ta lalace, kowa na shan wahala, kuma wahalar manya ita ce ke saurin kai kuka ga hukuma. Amma idan masu faɗa a ji, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, suka sayi motar da ba ta jin rami ko laka, sun fita daga cikin masu kukan. Wanda ya rage shi ne manomin da amalankensa ya kafe da buhunan gero, da mai naƙudar da aka ɗora bisa babur zuwa likita, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a tsakiyar damina. Ambaliyar 2024, wadda jahar Maraɗi ke cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, ta nuna yadda hanyar ƙauye ke yankewa cikin dare ɗaya. Ƙungiyar likitocin MSF, da ta shafe shekaru tana jinyar yara a Madarunfa, ita ma da Land Cruiser take kai wa ga majinyata, sai dai tata ba ta da kujerun fata.

Ba laifi ba ne mutum ya hau abin da guminsa ya saya masa. Tambayar ta hukuma ce: nawa ake karɓa a duwan da harajin shekara a kan irin waɗannan motoci, kuma nawa ne daga ciki ke komawa kan hanyoyin karkara? Asusun kula da hanyoyi na FER na karɓar kuɗin hanya a manyan tituna, amma mutanen ƙauyukan Safo kan hanyar ƙasa suke fito da amfanin gonarsu. Tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da su, kuma su ne ya kamata su kai wannan buƙata gaba kafin wata daminar ta sauka.