Rumfar Mota Ba Rabin Ɗaki Ba Ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci da yawa suka bar hannun masu su, wasu kuma suka kwanta a gida tayoyi a sace. Daga nan wata shawara ta samu kasuwa, ana yaɗa ta a majalisa kamar wanda ya gano rijiyar mai: rumfar motar nan ai asarar fili ce, rufi yana nan, daɓe yana nan, bango ɗaya ma yana nan, a ta da bulo a gefe uku kawai an samu ɗaki. Samarin gida su koma can, ko a zuba ɗan haya, ko a fasa ƙofa ta waje a yi shago. Wanda ya ce a dakata, sai a ce bai san tsadar haya ba.

Ni dai na ce a dakata. Ɗakin nan da ake ganin an same shi a ɓagas, sauran ɗakunan gidan ne suke biyan kuɗinsa, su da maƙwabta.

A fara da ƙasa. Daɓen rumfar mota da gangan aka yi shi ƙasa da daɓen gida, aka kuma karkata shi wajen ƙofa don ruwan wanki da na sama su gangara waje. Yawanci ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa don tare danshi ba, kuma gefensa babu fandishan, domin ba a yi shi don ya ɗauki bango ba. Magini zai ce maka: “Alhaji, ai bulo inci shida ne, ba shi da nauyi.” Ya jera shi a kan daɓen, ya yi filasta, ya shafa fenti, ya karɓi kuɗinsa. Damina ɗaya ta isa. Ruwan Agusta zai bi hanyar da ya saba, ya tarar da bango, ya tsaya a gindinsa. Fenti ya kumbura ya fara zuba, farin gishiri ya fito kamu biyu daga ƙasa, katifa ta yi wari, tsaga ta bayyana daidai inda sabon bango ya haɗu da tsoho. Abin da ya fi wannan muni, a gidaje da yawa sokawe yana nan ƙarƙashin inda ake ajiye motar, don nan ne motar kwashe masai za ta iya kaiwa. Akwai mutanen da suke kwana a kan murfinsa, an lulluɓe shi da tayil. Ranar da ya cika, da guduma za a shiga ɗakin.

Sai iska, wadda ita ce babbar asarar, kuma ita ce ba a sa wa a lissafi. Ka duba bangon da rumfar ta jingina da shi: kusan kullum akwai tagar falo ko ta kicin a jikinsa. Rumfar ita take yi wa tagar inuwa, iska ta ratsa ta ƙarƙashinta ta shiga gida da ɗan sanyi. Da zarar an rufe, tagar ko dai a toshe ta, ko ta koma tana leƙen ɗakin wani. Falo ya zama mai taga ɗaya, iska ta shiga ta rasa ta inda za ta fita. Shi kuwa sabon ɗakin, kwano ne a kansa, gajere, babu sararin kirki tsakaninsa da silin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ka shiga irin wannan ɗaki da azahar ka ɗora hannu a silin. Kuma lokacin ne dai ma'aikatan lafiya suke ta roƙon mutane su daina cunkoso a ɗakunan da ba su da iska saboda sanƙarau. Za a ce a sa esi. Da wace wutar? In an koma ga janareto, a da a rumfar yake zama hayaƙinsa na bin iska. Yanzu an tura shi lungu, gindin tagar masu barci.

Kakanninmu da ba su ajiye mota ba sun fi mu fahimtar wannan. Zaure da tsakar gida da rumfar zana ba ɗakunan da aka kasa ƙarasawa ba ne. Gidan zamani na bulo ya cinye zaure, ya matse tsakar gida, kuma rumfar mota ce ta gaji aikinsu ba tare da an ce mata ta yi ba. Nan ake shimfiɗa tabarma ranar suna, nan maza ke zaman makoki, nan malami ke yi wa yara karatun yamma, nan ake shanya in hadari ya taso. Mai gidan da ya rufe ta zai gane haka ranar da aka yi masa rasuwa, ya ga ya tare layi da kanofi.

Layin ma ai ya riga ya shiga uku. Motar da aka sayar, wata za ta zo in hali ya gyaru, kuma a bakin titi za ta kwana. Shago kuma da tebur da benci yake zuwa, sai an rufe kwata da siminti don masu saye su samu wurin tsayawa. Gida biyar su yi haka a layi ɗaya, motar kashe gobara ba ta da hanya, ruwan sama kuma ya shiga gidan wanda bai gina komai ba.

Masu kare abin sukan ce har a Amurka ana yi. Gaskiya ne, jihar Kalifoniya ta sassauta dokokinta, tun daga 2020 mutum na iya mai da gareji wurin zama ba tare da an tilasta masa samar da wani wurin ajiye mota ba. Amma sai ya kai zane an amince, mai duba gini ya zo ya ga fandishan da wayar wuta da tagar tsira in gobara ta tashi. Mu ma muna da irin wannan a takarda: dokar tsara birane ta 1992, ƙa'idar gini ta ƙasa ta 2006, da hukumomi irin su KNUPDA a Kano. Mun ɗauko rabin labarin, mun bar rabin da ke da wahala.

Ban raina matsin da ke sa mutum yin haka ba. Magidanci mai 'ya'ya takwas a ɗaki uku ba kwaɗayi ne ya kai shi ba. To amma in za a yi, a fasa daɓen a haƙa fandishan, a cike a ɗaga shi daidai da na gida, a sa leda, a ɗaga rufin, a fitar wa falo wata taga, a kauce wa sokawe, a nemi izini. Ka sa magini ya rubuta maka kuɗin wannan duka, ka ajiye shi kusa da kuɗin sabon ɗaki a bayan gida, sannan ka nuna mini inda arahar take.