Kafin a buɗe sabon reshen yaƙi da jahilci



Daga Dakoro zuwa Abalak har Tanut, duk inda makiyaya suka taru roƙon ɗaya ne: a buɗe mana reshen yaƙi da jahilci. Roƙo ne mai daɗin ji. Amma a ganina bai kamata a miƙa allo da alli ga duk wanda ya roƙa ba. Reshen da aka buɗe da kiɗa da yankan rago, ya mutu kafin ruwan farko, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Dattijon da ya bar garkensa ya zo sau uku bai tarar da malami ba, ko da igiya ba ka sake jawo shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi ya sa nake cewa a aza sharuɗɗa.

Na farko, malamai biyu masu aikin sa kai, waɗanda aka horar, kuma ƴan rugar ne. Malami ɗaya ciwo na iya kama shi. Baƙo kuwa ba ya bin shanu in an tashi.

Na biyu, karatu ya bi garke. A rani a zauna kusa da rijiya bayan an gama shayarwa. In damina ta faɗi aka nufi arewa wajen Ingal, allo da littattafai su hau jaki tare da kaya.

Na ukku, a fara da harshen da mutane suke ji, Fulatanci ko Buzanci ko Hausa. Wanda ya iya ajami kada a raina shi, ya riga ya yi rabin tafiya.

Na huɗu, wanda ya fi kowane nauyi, a koya abin da ke tsare dukiya. A kasuwa da dala da jika muke magana, takarda kuwa sefa take rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika sefa 1000. Wanda bai san haka ba, sai a rubuta masa 20.000 a wurin 200.000, ya aza yatsa yana godiya. Haka takardar awon ɓarnar gona, haka katin rigakafi. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun yarda da haƙƙinmu na burtali da mashaya da tafiya da bisashe, amma dokar da ba ka iya karantawa, a bakin wani za ka ji ta, yadda ya ga dama.

Na biyar, kwamiti na mutum ukku ko biyar, da mace a ciki, da littafin sunaye da na kuɗi. Matan da ke sayar da nono da man shanu su ma lissafi suke yi kullum. Tutar jam'iyya kuwa kada ta shiga rumfar karatu.

Wani zai ce wannan tsanani zai hana na nesa samun rabo. Ba a hana kowa farawa ba. Su fara, su yi rani guda, a zo a ga mutum nawa ke rubuta sunansa da kuɗin sa. In an gani, sai a ba su sunan reshe da kayan aiki. In ba a gani ba, reshen da ke kusa ya riƙa su har su tsaya da ƙafafunsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garke. Wassalam.