Mujiya, Zomo da Tsohuwar da Ake Zargi

A Falgore ta ƙasar Rogo, kamar sauran garuruwan yankin Karaye, mujiya ba ta da farin jini. Ta sauka kan katanga da daddare ta yi kuka, kafin gari ya waye an fara ƙus-ƙus: wane maye ne ya aiko ta, kurwar wa aka zo kamawa? In kuwa akwai yaro kwance da zazzaɓi a gidan, to magana ta ƙare. Yara su ɗauko danƙo, manya su fara yi wa wata tsohuwa marar gata kallon hadarin kaji, daga nan sai a ce ta zo ta tsallake majinyaci.

Kura ma ba ta tsira ba. Ana cewa maye kan rikiɗa ya zama kura, maharbi ya harbe ta a dawa, da safe a ga wani da rauni daidai wurin.

Labarin nan har ƙauyukan Ingila akwai shi, sai dai su zomo suka laƙaba wa: kare ya cije shi a ƙafa, washegari a tarar da wata tsohuwa tana ɗingishi. Mujiya kuwa kafe ta suke yi da ƙusa a ƙofar rumbu, wai korar sharri. Kuma abin ya wuce hira. Daga 1645 zuwa 1647, farautar mayu da Matthew Hopkins ya jagoranta a gabashin ƙasar ta kai sama da mutum 100 ga igiyar rataya, galibi mata talakawa. Sai a 1735 majalisar Birtaniya ta soke hukunta mutane da laifin maita.

Manomin Falgore da ya kashe mujiya, ɓera ya yi wa aiki, domin ita ce ke kwana tana rage masa ɓarayin masara da dawa. Ungulu ma, da camfi ya sa ake sayar da kanta ga masu tsibbu, ta yi ƙaranci har a mahauta. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Yaron da ke shiɗewa da damina kuwa, sau da yawa sauro ne ya kayar da shi. Ya kamata limamai da dagatan Masarautar Karaye su riƙa faɗa a fili cewa a fara kai shi asibiti a gwada jini, kuma duk wanda ya jefi maƙwabciyarsa da maita ya zo gaban mai unguwa da hujjarsa.