Kisa Ya Kai Edith Ga Igiya, Ko Halinta?

Yau za mu ɗan ajiye maganar girki da reno, mu leƙa ƙasar Ingila mu ga wata shari'a da aka yi a birnin Landan cikin shekarar 1922. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan, amma har gobe Turawan ba su gama gardama a kanta ba. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa matar hukunci, domin saurin yanke hukunci shi ne abin da ya kawo mu.

Sunan matar Edith Thompson. An haife ta ran 25 ga Disamba 1893, 'yar talakawa masu rufin asiri. Ta yi makaranta, tana da kan lissafi, ta sami aikin akawu a wani kamfanin sarin hulunan mata mai suna Carlton & Prior. Da ƙwazonta ta yi ta hawa har ta zama ita ce babbar mai sayo wa kamfanin kaya, ana aikenta birnin Faris na ƙasar Faransa. Albashinta fam 6 a mako, kuɗi ne mai tsoka ga mace a wancan zamani. A 1916 ta auri Percy Thompson, akawu a kamfanin jiragen ruwa, a 1920 suka sayi gida a unguwar Ilford. Allah bai ba su haihuwa ba. Ba ta bar aiki don ta yi aure ba, a wurin aikin ma da sunan gidansu ake kiranta. Tana son ado, tana son rawa da kallon wasan kwaikwayo, tana kuma cin littattafan soyayya kamar tuwo. Ku riƙe waɗannan, don duk sai da aka mai da su laifi.

Auren ba ya daɗi. A 1921 wani saurayi, Frederick Bywaters, abokin ƙannenta tun suna makaranta, ma'aikaci a jirgin ruwa, ya zo ya kama ɗaki a gidansu. Ta girme shi da shekara takwas. Suka ƙulla abin da bai kamata ba. Wata rana cikin Agusta na shekarar rigima ta tashi, mijin ya ɗaga hannu ya buge ta, saurayin ya shiga tsakani, aka sallame shi daga gidan. To, daga nan fa sai wasiƙu. Duk sa'ad da jirgi ya tafi da shi sai ta yi ta rubuta masa, har suka haura sittin. Ita tana ƙona nasa. Shi kuwa ya tara nata ya adana.

Daren 3 ga Oktoba 1922 Edith da mijinta suna dawowa daga gidan wasan kwaikwayo, sun sauka daga jirgin ƙasa suna tafe a ƙasa wajen tsakar dare, sai Bywaters ya fito daga duhu ya ture ta gefe ta faɗi, ya far wa Percy da wuƙa, ya gudu. Percy ya cika nan bakin hanya. Wani maƙwabci ya shaida a kotu cewa ya ji muryar mace cikin firgici tana roƙon a bari. Ita ce ta ruga tana neman likita.

Kada wata ta ce malama ta zo tana wanke kwartanci. A'a. Edith ta ci amanar aure, wannan babban laifi ne a addininmu da al'adarmu, har ma a nasu. Ta kuma yi wa 'yan sanda ƙarya da farko, ta ɓoye cewa ta gane wanda ya yi sukar. Sun kuma haɗu da saurayin a wani ɗakin shan shayi da yammacin ranar. Sa'an nan a cikin wasiƙun ta rubuta munanan abubuwa: wai ta daka ƙwan lantarki ta zuba wa mijinta a abinci, wai ta gwada sa masa wani abu mai ɗaci a shayi. Duk wanda ya ji wannan dole gabansa ya faɗi. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma haka.

Amma fa tuhumar da aka kai ta gaban joji a kanta kisan kai ce, kuma hukuncinta rataya. To, ina hujjar kisan? Gwamnati ta sa aka tono gawar Percy. Sir Bernard Spilsbury, wanda a lokacin babu kamarsa a Ingila wajen binciken gawa, ya duba, masanin guba na gwamnati shi ma ya duba. Ba su ga guba ba, ba su ga garin kwalba ba, ba su ga ko tabon da kwalba za ta bari a hanji ba. Watau abin da ta rubuta babu alamar ta aikata shi. Mace ce da littattafan hikaya suka cika wa kai, tana tsara wa saurayi labari don kada ya manta da ita a can bisa teku. Bywaters kansa haka ya faɗa, cewa bai taɓa ɗaukar zancen gubar da gaske ba. Tun daga ranar da ya amsa laifinsa har ranar da aka rataye shi bai sauya magana ba: shi kaɗai ya yi, ita ba ta san zai tare su ba. Kuma a duk wasiƙun nan babu inda aka ambaci wuƙa, ko hanyar, ko daren.

An fara shari'a ran 6 ga Disamba 1922 a babbar kotun Old Bailey, su biyu tare a akwati ɗaya. A tsarin Ingila mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar gari ne ke zama su saurari shaidu su ce mai laifi ne ko a'a, joji ya yanke hukunci. Cikin sha biyun nan, maza goma sha ɗaya ne, mace ɗaya tak. Ai ma sai bayan dokar 1919 aka fara barin mata su zauna a wannan kujera. Aka yi ta karanta wasiƙun matar nan da ƙarfi a bainar jama'a, sirrinta na ɗaka duka a fili, jaridu suna bugawa, mutane suna kwana a layi cikin sanyi don su sami wurin kallo. Kuma ba duka aka karanta ba, an tsinci wasu an bar wasu. Masu nazarin shari'ar daga baya sun nuna cewa waɗansu wuraren da take maganar shan magani, cikin da ta ɗauka take nufi da ɓarinsa, amma lauyanta bai iya fitar da wannan ba, don ya san in maza sha ɗayan nan suka ji, ƙyamarta za ta ƙaru. Ku duba wannan tarko: ta yi shiru a ce guba ce, ta yi bayani a ce ga wani sabon abin kunya.

Lauyan nata, Sir Henry Curtis-Bennett, ya roƙe ta kada ta hau ta ba da shaida. Ta ƙi, tana ganin za ta ceci saurayin. Lauyan gwamnati ya dabaibaye ta da tambayoyi, ta rikice, ta yi ta saɓa wa kanta.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne jojin, Shearman. Aikin joji a ƙarshen shari'a shi ne ya jera wa mutanen nan hujjoji, na hagu da na dama, ya bar su. Shi kuwa sai ya mai da kujerarsa mumbari. Ya ce musu wannan ba wani abu ba ne illa tuhumar da aka saba gani ta mazinaciya da kwartonta sun kashe miji. Ya kira zancen soyayyar da ke cikin wasiƙun shirme, ya kuma ce ya tabbata su ma, kamar kowane mutumin kirki, za su ji ƙyama. Jama'a, in joji ya riga ya gaya maka abin da mutumin kirki zai ji, wa zai tashi ya ce shi bai ji ba? Sa'a biyu da 'yan mintoci suka yi a ɗaki, ran 11 ga Disamba suka fito suka ce duk biyun masu laifi ne. Aka ɗaukaka ƙara, kafin Kirsimeti aka yi watsi da ita, babban jojin ƙasar ma ya ƙara da nasa zagin, wai shari'a ce ta ƙazanta da sha'awa.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. Da aka yanke hukunci, tausayin jama'a sai ya koma kan wanda ya riƙe wuƙar. Wata jarida ta buɗe takardar neman a yi wa Bywaters afuwa, mutane kusan miliyan ɗaya suka sa hannu. Wai yaro ne, babbar mace ce ta lalata shi ta juya masa kai. Namiji mai shekara ashirin, wanda ya yi ta kewaya duniya a jirgi, ya sayi wuƙarsa da kansa, ya laɓe da dare da ƙafarsa, shi ne yaro. Ita kuwa da aka ture ta faɗi, ita ce shaiɗaniya. Mata 'yan'uwanta ma ba su raga mata ba, da yawa su ne kan gaba wajen tsine mata. Mece ce ta tsone musu ido? Tana aiki, tana da kuɗinta, ba ta haihu ba, tana ado, ta girmi saurayin. An fito daga Yaƙin Duniya na Farko, mata sun ɗanɗana aikin ofis da na masana'anta, manyan ƙasa suna tsoron kada su fi ƙarfin gida. Sai ga wadda za a yi misali da ita. Ku sani a lokacin sai mace ta kai shekara 30 take jefa ƙuri'a a Ingila, ba a daidaita su da maza ba sai 1928. Edith ba ta kai shekarun zaɓen masu yin doka ba, amma ta kai na rataya.

Ministan harkokin cikin gida, William Bridgeman, ya ƙi yin afuwa. Ran 9 ga Janairu 1923 da ƙarfe tara na safe aka rataye ta a kurkukun Holloway, shi kuma a Pentonville. Shekarunta 29. An ɗura mata maganin barci, ba ta iya tsayuwa, ɗaukarta aka yi aka kai ta ga igiya. Haunin da ya yi aikin, John Ellis, ya ajiye aiki a shekarar da ta biyo, a 1932 ya kashe kansa. Lauyanta kuwa ya ce a ganinsa rashin kamun kanta ne ya kai ta ga igiya.

In kuna shakkar cewa son zuciya ne ya yi aiki, ga gwaji. Wata shida bayan haka, cikin Yuli 1923, wata Bafaranshiya mai suna Marguerite ta harbe mijinta, Ali Fahmy, saurayi attajiri ɗan Masar, a otal ɗin Savoy na Landan. Ita da hannunta ta harba, ba ta ma musa ba. A kotun nan dai ta Old Bailey aka gurfanar da ita. Ta ce yana azabtar da ita. Lauyanta Marshall Hall ya tashi ya yi ta zayyana mamacin a matsayin mugun mutumin Gabas wanda farar mace ta faɗa hannunsa, har sai da lauyoyin Masar suka aika da koke kan cin mutuncin da aka yi wa al'ummarsu. Cikin ƙasa da sa'a ɗaya aka sallame ta. Wadda ta harba ta tafi gida don mijinta Balarabe ne, wadda ba ta taɓa wuƙa ba tana kabari don mijinta Bature ne kuma ita 'yar akawu ce mai rawar kai. Ku tuna fa, a shekarun nan mutanen nan ne ke mulkinmu, su ne ke duba hukuncin alƙalanmu suna soke wanda suka ce ya saɓa wa adalci.

To amma laifi tudu ne. Mu nan fa? Sau nawa magidanci ya kwanta ciwo ya rasu, tun ba a yi sadakar uku ba an fara raɗa a tsakar gida cewa matarsa ce ta sa masa a abinci? Wace hujja? Wai ba ta yi kuka sosai ba, ko wai ta cika kwalliya, ko tana fita aiki, ko ba ta haihu ba don haka gado take hange. Babu likitan da ya duba, babu wanda ya gani. Mu mata mu ne muke ɗaukar zancen daga gidan suna mu kai gidan biki, har ya zama ba mai aurenta, ba mai cin abincinta. Alhali addininmu ya tsananta ƙwarai a nan: mai jifan mace da zina sai ya kawo shaidu huɗu, in ya kasa shi za a yi wa bulala tamanin. In an tsare mutuncin mace haka a kan zargin zina, ina ga zargin kisa? Ko da an tabbatar mace ta yi laifi ɗaya, wannan bai zama shaidar ta yi na biyu ba.

Ku kuma 'yan makaranta, na san yanzu ba takarda da ambulan kuke yi ba, a waya kuke rubutu. Ina ganin yadda 'yan aji shida ke rubuta abin da ba su nufi ba don su burge ƙawa ko saurayi. Edith ta ƙona wasiƙun da aka aiko mata, shi kuwa ya adana nata. Abin da kika tura ya bar hannunki, kuma ranar da za a karanta shi a gaban mutane, ba za a karanta da muryar wasan da kika rubuta shi ba.

Ingila ta daina rataye masu kisan kai a 1965. An fara binne Edith a cikin harabar kurkuku, a 1971 aka kwashe ƙasusuwanta aka kai maƙabartar Brookwood aka haɗa ta rami ɗaya da waɗansu mata uku da aka rataye. Wani malamin jami'a a Landan, René Weis, ya rubuta littafi a kanta a 1988, ya kuma yi shekaru yana fafutukar a wanke sunanta. A 2022 aka nemi a yi mata afuwa bayan rai, ministan shari'a ya ƙi, sa'an nan a 2023 ya miƙa maganar ga hukumar sake duba shari'o'in laifi. Mahaifiyarta ta rasu da burin a kwantar da 'yarta kusa da ita. Sai cikin Nuwamba 2018 aka sake tono Edith aka binne ta a kabarin iyayenta, shekara 95 bayan ratayar.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.