A Duba Haƙƙin Kifin da Ake Kamawa a Saki

Zuwa ga Edita,

A taimaka a ba mai wannan wasiƙa fili ya yi tsokaci kan wata al'ada ta masu fatsar nishaɗi, wato kama kifi a sake shi.

Al'adar ta iso kusa. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke kwarara cikin Binuwai, baƙi kan zo da rani su biya kuɗi masu kauri don kamun giwan ruwa da tsage. Kifi ya cafki ƙugiya, a yi ta ja-in-ja da shi har ya galabaita, a ɗaga shi a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi ruwa. Haka ake yi a tafkin Nasir na Masar.

Masu yin haka suna da hujja mai ƙarfi. A Amurka, jihar Mishigan ta fara gwada tsarin a 1952, kuma a 1972 Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu gasar fatsa ta B.A.S.S., ya soma kiran 'yan gasa su mayar da kifinsu da rai. Ƙasar da miliyoyin mutane ke fita fatsa, in kowa zai tafi gida da abin da ya kama, kifin koguna zai ƙare. Babbar macen kifi da aka saki kuwa za ta sake zuba ƙwai baɗi.

Sai dai ba duk kifin da ya kaɗa wutsiya ya nutse ba ne yake tsira. A 2005 masana biyu, Bartholomew da Bohnsack, sun tattara binciken da aka yi a kan lamarin, suka gano cewa a matsakaicin lissafi kashi 18 cikin ɗari na kifin da aka saki mutuwa yake yi daga baya. Wani gwaji da Ferguson da Tufts suka yi a Kanada a 1992 ya fi tayar da hankali. Cikin kifin tirawut da aka gajiyar amma ba a fitar da shi daga ruwa ba, kashi 88 sun rayu. Da aka riƙe shi a iska na daƙiƙa 30, sai adadin ya koma 62. Da aka kai minti ɗaya, 28 kacal suka sha. Minti ɗayan nan shi ne lokacin gyara tsayuwa a ɗauki hoto. A iska, siraran jajayen ganyayyakin da kifi ke numfashi da su a gefen kai mannewa suke yi da juna, busasshen hannu kuma yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta.

Sai batun zafi. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotilan sun sa wa kifi dafin ƙudan zuma a leɓe. Kifin ya ƙaurace wa abinci na wani lokaci, numfashinsa ya ƙaru, yana ta rangaji a ƙasan tankin. James Rose na jami'ar Wyoming yana ganin ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke sa a ji azaba irin ta ɗan Adam. Gardamar ba ta ƙare ba, amma matuƙar akwai yiwuwar halitta tana shan wuya, tausayi ya kamata ya rinjayi sha'awa.

Wasu ƙasashen sun yanke hukunci. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta 1972 ta hana a cutar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma an sha tuhumar masu kama kifi don hoto kawai a ƙarƙashinta. Suwizalan ta haramta fita fatsa da niyyar sakin kifin tun 2008. Musulmi ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin Manzon Allah (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin wasan harbi, alhali kamun kifi don ci halal ne.

Ra'ayin mai wasiƙar nan shi ne, sakin ƙaramin kifi ko mai ƙwai aikin alheri ne, kuma ya dace da tsarin masunta na gargajiya. A Argungu, hana kamun kifi a yankin Matan Fada har sai lokacin biki shi ke ba kifi damar girma. Amma wanda ya fita da niyyar huda bakin kifi don hoto, sakin da ya yi bai sauke masa nauyi ba.

Don haka ana kira ga hukumomin kula da kamun kifi a Najeriya da Kamaru, tare da sarakunan ruwa, su gindaya sharuɗɗa tun harkar ba ta yaɗu ba. A wajabta ƙugiya marar ƙaya, da igiya mai ƙarfi don a taƙaita ja-in-ja. A jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, a cire ƙugiya yana cikin ruwa, a dakatar da fatsa idan ruwa ya yi ɗumi sosai. Kifin da ya ji mummunan rauni kuma a gaggauta kashe shi, a ba mutanen ƙauyen da ke bakin kogin su ci.

Wassalam.

Daga wani mai karanta jaridarku,
Yawuri, Jihar Kebbi