Cryptography Ta Ƙi Hawa a Termux? Komawa Tsohuwar Siga Ba Gyara Ba Ne

Matasa da dama da ke koyon Python a wayar Android sun san wannan tasku. Mutum ya buɗe Termux, ya rubuta pip install cryptography, ko ya nemi wata manhajar da ta dogara da ita kamar Paramiko, sai allo ya cika da jan rubutu, a ƙarshe ya ga "Failed building wheel for cryptography". Shawarar da ta fi yawo a irin wannan lokaci ita ce a koma siga ta 3.3.2, wai ita ba ta da rigima. A da takan hau kuwa. Amma a harkar tsaro, wannan ce shawarar da ta fi kowace muni.

Sai an fahimci tushen matsalar kafin a ga dalili. A kwamfutar Windows, Mac ko Linux, pip yakan sauko da ƙunshin da aka riga aka gina, ya ɗora shi cikin daƙiƙu. Ƙunshin Linux kuwa an gina shi ne don tsarin glibc ko musl, ita kuma Android da Bionic take aiki. Idan pip bai sami wanda ya dace ba, sai ya ɗauko asalin rubutun manhajar ya ce zai gina a kan wayar. Gini kuma yana buƙatar kayan aiki, kuma rashinsu ne ke jawo jan rubutun.

A watan Fabrairun 2021 masu kula da cryptography suka fitar da siga ta 3.4, wadda ta fara shigo da yaren Rust, daga siga ta 35.0 kuma ya zama dole. Mutane da yawa sun yi ƙorafi, amma masu manhajar na da hujja. Yaren C yana barin mai rubutu ya karanta wurin da bai kamata ba a cikin memori. Irin wannan kuskure ne ya haifi Heartbleed a OpenSSL, wanda aka bayyana a watan Afrilun 2014, inda ɓarawo ke iya kwashe har kilobait 64 na bayanan saba a kowace buƙata, har da kalmomin sirri da makullai. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa daga matsalar memori suke. An ƙera Rust ne don ya kama yawancin irin waɗannan kurakurai tun wajen gini.

Don haka wanda ya koma 3.3.2 ya zaɓi manhajar farkon 2021, ya bar duk gyaran da aka yi bayanta. Kamar mai shago ne da sabon kwaɗo ya yi masa wuyar sawa, ya mayar da tsohon da kowa a unguwa ya san yadda ake ɓalle shi. Haka ma mai ƙara --trusted-host don pip ya daina ƙorafin takardar shaida: ya cire mai gadin da ke tabbatar masa cewa daga wurin gaskiya ƙunshin ya fito.

Gyaran gaskiya yana farawa da karatu. Layin ƙarshe ba ya faɗin komai sai cewa gini ya rushe. Dalilin yana can sama, a wurin da kalmar "error" ta fara bayyana. Idan an ga "can't find Rust compiler", Rust ne babu. Idan an ga "openssl/opensslv.h: No such file or directory", fayilolin OpenSSL ake nema. Idan ffi.h ne ya ɓace, libffi ce. Idan kuwa aikin ya tsaya da kalmar "Killed", yawanci RAM ce ta ƙare ko tsarin wayar ya kashe aikin, sai a rufe sauran manhajoji a sake gwadawa.

A Termux hanya mafi sauƙi ita ce a fara da pkg upgrade, sannan pkg install python-cryptography. Masu kula da Termux sun riga sun gina ta don Android, babu buƙatar Rust. Yana da kyau kuma Termux ɗin ya kasance na F-Droid ko GitHub, domin tsohon da mutane suka sauke daga Play Store ya daina samun sabuntawa a 2020. A kwamfutar Ubuntu ko Debian, sabunta pip kaɗai kan warware matsalar. Idan ginin ya zama dole, ana buƙatar build-essential, libssl-dev, libffi-dev, python3-dev, cargo da pkg-config.

Masu cewa data na da tsada suna da gaskiya. Rust yana da nauyi, ginin yana cin lokaci da batir, kuma ƙaramar waya kan yi zafi tana abu ɗaya. Sai dai amsar wannan ita ce ƙunshin da aka riga aka gina, wanda ya fi tsohuwar sigar sauƙin hawa. Wasu kuma kan ce ai gwaji ne kawai. Amma rubutun gwaji ne ke zama manhajar da ake miƙa wa mai shago ko makaranta, kuma lambar 3.3.2 da aka maƙala a requirements.txt takan zauna shekaru ba wanda ya waiwaye ta.

Idan manhajar zane ta lalace, kowa zai gani a allo. Manhajar ɓoye bayanai kuwa tana iya ci gaba da aiki lafiya lau alhali a buɗe take, kuma masu amfani da ita, waɗanda ba su taɓa ganin jan rubutun ba, su ne za su kwana a ciki. Minti goma na karanta saƙon kuskure shi ne haƙƙinsu a kan mai rubuta manhaja.