'YA'YAN WA KE GIDAN KANGARARRU?

Jama'a, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kabuga zai ga hanya biyu. In ya fita ya miƙe hanyar Gwarzo, sai Jami'ar Bayero, inda ake yaye likitoci da lauyoyi. In kuwa ya juyo cikin birni, ga Goron Dutse nan, inda akwai gidan yari, akwai kuma gidan da Gwamnati ke tsare kangararrun yara. Tsakanin wuraren nan biyu ba wata tafiya ba ce, amma yaron da aka kai na biyun da wuya ya taka ƙafarsa a na farkon. To, a kan yaran nan za mu yi magana yau.

Tambayarmu ta fari ita ce, 'ya'yan wa ake kaiwa can? Ɗan mai hali in ya yi ɓarna, kafin la'asar an kashe magana, a ce ai ƙuruciya ce. Amma ɗan mai ga-ruwa, da ɗan ɗan-dako, da marayan da uwarsa ke tuyar ƙosai, da almajirin da ubansa ke can ƙauye, su ne ake kira kangararru. Laifi ɗaya, suna biyu! Kuma ba daga sama suka faɗo ba. Sa'ad da Gwamnan Kano ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin watan Yuni 2024, lissafin da ake yi shi ne yara kusan miliyan guda a jihar nan ba su zuwa makaranta. Wanda aka hana shi aji, ai titi ne malaminsa.

Kada wani ya ce muna goyon bayan ɓarayi. Mu ne ake yanke wa aljihu a Kurmi da Rimi da Kantin Kwari, mu ne ake yi wa ƙwacen waya da magariba. Ba wanda ya kai mu son a hori mai laifi. Amma ku 'yan kasuwa ku yi lissafi irin naku: yaron da aka rufe, ba karatu ba sana'a, sai hira da waɗanda suka fi shi iya ɓarna, in aka sake shi ina zai nufa? Ba unguwar manya zai tafi ba, can akwai katanga da maigadi. Bakin rumfarku zai komo, ya kuwa fi da ƙwarewa.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Tun 1962 ƙasar nan ta yi dokar gidajen horon matasa da ake kira Bosta, sunan wani ƙauye ne a Ingila inda Turawa suka fara irin wannan a 1902, don a raba yaro da manyan fursunoni a koya masa karatu da sana'a. Amma aka yi shekara da shekaru da gida uku tak a duk faɗin Nijeriya, a Kaduna da Ilori da Abekuta. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce ban da wanda ke tsare ba. Dokar haƙƙin yara ta Tarayya ta fito a 2003, Kano ba ta sa hannu kan tata ba sai 2023. Shekara ashirin! Jaririn da aka haifa ran da aka fara maganar har ya isa aure.

Da hukuma ta yi sakaci, ina talaka ya kai ɗansa da ya gagara? Gidan mari. Ba mu manta ba, cikin watan Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, har da yara, waɗansu da sasari a ƙafa. Wata na biye aka sami irinsa a Daura, Gwamnatin Kano ma ta ce a rufe na nan. Madalla. Amma an toshe wa uba ƙofa ɗaya, wace aka buɗe masa?

Sa'an nan ku tuna da ran 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu da yara da yawa daga Arewa, har da 'yan Kano. Wata uku suna tsare, huɗu suka yanke jiki suka faɗi gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da duniya ta yi ca, sa'an nan Shugaban Ƙasa ya ce a sake su. Duk wanda ya ga hotunan ya san ko 'ya'yan wa ne. Wata ukun nan na karatu, wa zai biya su?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, kowace shekara a buga lissafin yaran da ke tsare: nawa ne, shekarunsu, unguwanninsu, sana'ar iyayensu, da nawa ke jiran shari'a. Na biyu, a gwada karatun kowane yaro ran da ya shiga da ran da zai fita, a faɗa wa jama'a nawa suka koyi karatu da rubutu, nawa suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Na uku, a sa malamai masu takardar koyarwa, na boko da na addini, tare da kafinta da tela da makaniki. Na huɗu, duk wanda aka saka a miƙa shi ga makaranta ko ga ubangidan sana'a, ba a buɗe ƙofa a ce ya kama gabansa ba.

Mu ma da namu aikin. Wanda ke da rumfa ko shago, ya karɓi yaro guda ya koya masa, kada ya ce ai tsohon ɗan sarƙa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a ce a karya shi ba. Gidan da ba allo ba alli, ko me aka rubuta a ƙofarsa, kurkuku ne. Allah ya shirya mana zuriya, amin.